Tarin da Tela Ya Haɗiye

Ranar Talata, sha huɗu ga Yuni, gari ya waye da yayyafi, aka kwantar da wani tsohon tela a babban asibiti don a yi masa aikin zuciya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda ce, ita kuma tana jego, sai ta turo mijinta ya yi jinya. Likita ya zo da takarda ya tambaye shi, "Baba, kana shan taba?" Shekara talatin ke nan yana sha a bayan shago, yana bi da goro don kashe warin. Ya ɗaga ido ya ga surukinsa tsaye riƙe da buta, sai ya ce, "A'a." Da ya faɗi gaskiya, da an jinkirta aikin har huhunsa ya ɗan washe.

Aiki ya yi kyau. Aka ba shi matashi, aka ce ya rungume shi a kan ɗinkin ya riƙa tari yana fitar da majina, don kada ta kwanta a ƙirji. To, ina dattijo zai yi kaki a gaban mijin 'yarsa? Duk tarin da ya taso sai ya danne ya haɗiye. A rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe shi. Ƙwayoyin cuta sun sami majinar kwance, sun yi gida a huhu. Aka mai da shi wani ɗaki shi kaɗai, ba mai shiga sai da ƙyalle a hanci. Damina ta kankama, suruki ya yi haƙuri ya gaji, ya koma gonarsa. Ɗakin ya zama daga shi sai ƙarar na'urar numfashi. Yanzu kam yana da damar yin tari son ransa, amma ba ƙarfi, kuma ba mai ce masa sannu.

Sai a mako na uku ya gaya wa likita gaskiya. Ya tashi, amma taku goma ke sa shi haki. Ya roƙi takarda ya rubuta wa 'yarsa: "Ina shan taba tun kafin a haife ki. In kin gama wanka, ki zo in gan ki." Wasiƙar ta kwana shida a ƙarƙashin matashi kafin ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya ta kai gidan waya.

Ai dama Hausawa sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.