Tiyon da Delbert Bai Wanke Ba

Ga ta nan, ku matso kusa.
Ta zo, muna saurare.

Tas! Tas! Gilashi ya tsaga wa Delbert kunci a cikin garejinsa. Nan take ya ce harbi ne, kuma aikin Roscoe ne, maƙwabcin da suka shekara goma suna rigimar katanga. Ya suri muciyar da yake dama giya da ita, ya tsallaka katangar, ya rafka masa a hanci, ya danne shi a ƙasa.

"Ina bindigar, tsohon banza?"

Roscoe ya tofar da jini. "Wace bindiga, jaki? Kwalabenka ne! Sau nawa na ce ka riƙa wanke tiyo kafin ka ɗura giya? Dattin ciki ya sa ta ci gaba da tsima har tana fasa kwalba."

Delbert ya sake shi. Da safen nan ya saka wa 'yarsa Charlene kwali guda na giyar a bayan mota, dab da jaririnta, ta kama doguwar hanya.

"Wayyo jikana!" Ya kira ta a waya, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira.

Sai ga tas! tas! daga kicin ɗin Roscoe.

"Ajiye wayar nan," in ji Roscoe, yana dafe da hanci. "Tana sallama da uwarta na zare kwalin. Don in ƙona maka rai na sata."

Charlene da ɗanta sun isa gida lafiya. Hancin Roscoe ya warke a karkace. Delbert kuwa, kowace Asabar yana wanke tiyo, Roscoe na zaune yana zaginsa.