Mangwaron Garken Aladu

Kafin rana ta take tsaka sojoji sun gama harbe aladunsa ɗari huɗu. Mai garken yana tsaye, hannu a baya, har suka rufe ramin da suka zuba su.

Wata biyu ya yi yana feshi, don an ce sauro ke kawo ciwon da ya kama su. Aladun ba su daina tari ba. Matarsa, mai wanke su kullum, ta kwanta zazzaɓi, kwana shida ta rasu, aka kunna turaren tsinke gaban hotonta.

Wata likitar dabbobi ta zo, ta tsaya ƙarƙashin bishiyoyin mangwaron da suka yi wa garken rumfa.

"Kawu, wa ya dasa waɗannan?"

"Ni, don aladu su sami inuwa. Tsinki mana, 'yata, ba mai sha yanzu."

"Jemagu suna zuwa?"

"Ai su ne masu gonar. Ragowarsu aladu ke ci."

Ta sa safar hannu, ta ɗauko wani gatsattsen mangwaro daga kwamin abinci, ta ƙulle a leda.

"Kawu, ba sauro ba ne."

Ya dubi ledar, ya dubi rassan da ya shekara goma yana ba ruwa, sannan ya fito rana.