Mai Gadin Kekuna a Ofishin Hakimi

Damina na ɗaukewa, sabuwar doka ta iso Safana daga En'e ta Katsina. Magatakarda, Malam Armaya'u, ya karanta ta a ƙofar ofishin hakimi. Daga ranar, kowane abin hawa, keke ne ko doki ko mota, sai ya tsaya bayan igiya, taku arba'in daga ƙofa. Mai gadi zai yago takarda mai lamba, ya ba mai abin hawa rabi, ya ɗaura rabi a jikin abin. Wanda ya kawo takarda, lamba ta yi daidai, a sakar masa. Mai gadin da ya saɓa, a sallame shi.

Daudu mai gadi ya saurara, kansa a sunkuye. Shekara goma sha tara yana zaune a gindin maɗacin da ke gaban ofis, ko linzami bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya san kowane keke da kukan sarƙarsa, kowane doki da takunsa. Tun da matarsa Larai ta rasu, babu mai magana a gidansa. Gindin maɗacin nan ne kaɗai inda ake kiran sunansa, ko da a kan wucewa ne.

Magatakarda ya gwada koya masa lambobi.

"Baba, guda goma ne fa kacal. Wannan nawa?"

Daudu ya jujjuya takardar.

"A juye ma ka riƙe ta." Malam Armaya'u ya yi dariya, ya koma kan rubutunsa. "Di'o na zuwa ran Alhamis. In ka ba mu kunya, akwai masu boko da ke jiran wurin nan."

Ran Alhamis Daudu ne ya fara jin motar Di'o, Baturen gunduma, ya sauke igiya tun kafin kowa ya miƙe. Kafin hantsi keke ashirin da uku sun jeru. Duk wanda ya zo sai Daudu ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta gaisuwa, gida, iyali, gajiya, har mutum ya ƙosa.

Hashimu mahauci ya zo daga Batsari neman takardar izinin yanka, a kan sabon keken da ya sayar da bijimi ya saya.

"Baba Daudu, sakar mini hannun mana, ba tsire ba ne."

"In da tsire ne ai da na ji nama. Ƙashi ne zalla, irin wanda kake sayar mana."

Hashimu ya cusa takardar kekensa a aljihu ya kutsa cikin taro.

Bayan azahar wani mutum ya ƙetare igiya, ba sallama. Ya miƙo takarda, ya jawo sabon keken. Daudu ya karɓi takardar, ya haɗa da hannun da ya miƙo ta. Takardar na warin kitse da hayaƙi. Hannun kuwa sumul yake, da zobe, babu kantar wuƙa ko ɗaya.

Daudu ya riƙe keken ta baya.

"Ba naka ba ne."

"Duba lamba, tsoho."

"Ba naka ba ne."

Mutane suka taru. Magatakarda ya fito da sauri, ya haɗa takardun biyu, ya rage murya.

"Lamba ɗaya ce, Baba. Doka ta ce ka saki. Ga Di'o can a baranda yana kallonka."

Daudu ya auna abin a ransa. In ya riƙe, ya karya doka a gaban Bature, gobe wani ne zai zauna a gindin maɗaci. In ya saki, Hashimu zai koma Batsari a ƙasa. Ya tuna ɗakinsa, da tsawon yini a cikinsa. Ya ƙara damƙe ƙarfen.

"A kira mini Hashimu mahauci."

Aka kira shi. Ya fito yana lalube aljihu, ya tarar an tsarge aljihun da reza, babu takarda. Mai zoben ya saki keke ya sheƙa, dogarai suka cim masa a bakin rijiya.

Di'o ya sauko, ya tsaya nesa kaɗan, ya yi tambaya da Hausarsa mai tauri.

"Tsoho, yaya ka sani?"

"Ranka ya daɗe, na san mutanena."

Bature ya juya ga magatakarda. "Rubuta. Kada a taɓa wannan mai gadi. Idonsa ya fi takardarku."

Aka yi dariya, taro ya watse. Hashimu ya jefo godiya yana kan keke, ya riga ya ba da baya. Magatakarda ya ce, "Ka tsira, Baba," yana kaɗe ƙura daga takardunsa.

Da la'asar sakaliya Daudu ya naɗe igiya, ya rataye ta a reshe, ya ɗauki sandarsa. Ya sa katangar ofis a hagunsa, yatsunsa na shafar ta. Taku saba'in zuwa rijiya, sai dama. Taku ɗari da goma zuwa ƙofar gidansa.

Damina huɗu ke nan da ganinsa ya ɗauke gaba ɗaya, kuma duk Safana babu wanda ya tsaya ya dubi fuskarsa har ya gane.