Hular da Ba Ta da Kuskure

Tun da doka ta hana sayar da aikin hannu babu hatimi, Barira mai digirin tarihin zane-zane ta samu abin yi a bakin kasuwa. Kuskure take nema a jikin kaya, don inji ba ya kuskure.

Yau hular da Inna Lantana ta ɗinka ta hana ta sukuni. Ta juya hular ta sake juyawa, ko zare bai kauce ba.

"Inna, a haka cewa za a yi aikin inji ne."

"Tun ina budurwa nake gyara hannuna, 'yar nan."

Barira ta saci kallon kyamarar da ke sa ido a kan aikinta, ta sa farce ta tsinke zare ɗaya, ta buga hatimi. Tsohuwar ta karɓi hularta, ba godiya.