Kwalbar Ranar Baiko

Dewald ya kama ɗaki mafi tsada a masaukin gonar inabin su budurwarsa Marlize da ke garin Franschhoek, wai hutu ya zo. Da la'asar suna zaune a baranda, inabi shimfiɗe har gindin dutse, sai juya kofi yake, ya kasa haɗa ido da ita.

"Marlize, na samu aiki a Ostareliya. Ni kaɗai zan tafi."

Ta buɗe baki ke nan sai ga mahaifinta da fara'arsa, rungume da wata kwalba duk ƙura. Giyar da ya ajiye ce ranar da aka haife ta, wadda ba za a buɗe ba sai ranar baikonta.

"Baba, tsaya!"

Ina! Murfin ya riga ya fita.

"Yaro, wa kake ɓoye wa? Saurayi ba ya kama wannan ɗakin don hutu kawai." Ya tsiyaya musu, ya koma ciki kiran mahaifiyarta.

Marlize ta tura wa Dewald kofin, idonta a bushe.

"Sha. Tun ina jaririya take jiranka. In ka shanye, ka tashi ka faɗa masa da bakinka."