Ka Raka Ni Gona

"Raggaye kawai! Ku koma gona!"

Dattijon ikilisiyarmu ne ya daka tsawar daga bakin shagonsa, yana nuna layin matan da suka zo karɓar tallafin gwamnati a firamaren unguwa. Ya ce maula ce kurum, harajinsa ake rabar wa masu hannu da ƙafa.

Wata gwauruwa da rikici ya koro zuwa Kafanchan daga ƙauyensu ta karɓi nata. Ta tsallako titi, ta dire ledar shinkafar a gabansa.

"Ga harajinka, Baba. Gobe bayan sujada a coci ka raka ni gonar. Tana hayin rafi, inda aka harbe maigidana yana tonon citta. Fartanyarsa na can tun bara. Kai da ba rago ba, sai ka ɗauko mini."

Dattijon ya dubi ledar.

"Mama, ai ban sani ba..."

"Ka tambaya?"

Ya sunkuya ya ɗauki ledar, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta harɗe hannuwanta ta wuce, ta bar shi tsaye gaban jama'a, rungume da shinkafar tallafi.