Inda Hanyar Katako Ta Ƙare

A lambun shaƙatawa na wani ɗan garin bakin teku, arewa da Jidda, Jaji ya tsaya tare da Mastura inda hanyar katako ta ƙare cikin ruwa. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama.

"Mastura, me Baba ya ce? Zai aura mini ke mu tafi Zariya?"

Ta daɗe tana kallon ƙaguwa cikin laka.

"Ya ce kakanmu da ƙafa ya tako ƙasar nan don a binne shi kusa da Makka. Ba zai mayar da jikarsa a jirgi ba."

"Ke fa?"

Ta gyara niƙabinta da hawaye suka jiƙa.

"Halas, magana ta ƙare, Jaji. Kai gida za ka koma. Ni da aka haifa a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ina zan koma?"